Arhar Fili da Tsadar Kwana: Martani Kan Gidajen Hayar Kwana-kwana a Karare

Hayar kwana-kwana ita ce a ba da gida ko ɗaki da kayansa, gado da labule da tukunya, ga baƙon da zai yi kwana ɗaya ko uku ko mako guda, ya biya ya kama gabansa. Ta bambanta da hayar shekara, wadda mai haya ke shigowa da nasa kayan ya biya a dunƙule. Ta kuma bambanta da otal, domin babu ma'aikacin da ke zaune bakin ƙofa dare da rana. A Legas da Abuja ta zama sana'a mai cin gashin kanta, musamman a Lekki da Ikoyi da Maitama da Wuse, kuma a watan Disamba masu dawowa hutu daga Turai da Amurka kan cika gidajen Legas maƙil. Kamfanin Airbnb da aka kafa a San Faransisko a 2008 shi ya yaɗa ta a duniya, ko da yake a Najeriya ciniki mai yawa ta WhatsApp da Instagram da bakin dillalai ake ƙulla shi.

Wani marubuci ya kawo shawarar cewa mai son zuba jari a wannan sana'a a jihar Katsina ya bar babban birni, ya nufi yamma, garuruwa irin Karare a ƙasar Batsari da maƙwabtanta na Safana. Hujjojinsa su ne fili na da arha, zaman lafiya ya fara dawowa, babu abokin gasa, kuma akwai baƙi: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, 'yan kwangila, fatake, da 'yan asalin gari masu zuwa Sallah ko biki. A ganinsa, wanda ya riga ya yi gini shi zai kwashi garaɓasa. Babu ƙarya a cikin ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya lissafa. Fili na da arha, mutane na zuwa, kuma ba a san wani da ya kafa irin wannan masauki a can ba. Inda maganar ta karkace shi ne tambayar da ya ɗora ta a kai. Ya tambayi inda gini zai yi sauƙi, alhali sana'ar tana tambayar wanda dole ta sa zai kwana a wurin, kuma zai ciro kuɗi ya biya kwanan.

Kuɗin shigar irin wannan gida abu biyu ke haifar da shi: farashin dare da yawan dararen da aka kwana. A ƙaddara gida ne da za a iya bayarwa hayar shekara a kan naira miliyan 1, sai mai shi ya mayar da shi na kwana-kwana a kan naira 20,000 kowane dare. A ido, kwana 50 sun isa su maido miliyan ɗin. Amma mai hayar shekara shi ke sayen ruwansa da wutarsa, ya share tsakar gidansa. A nan kuwa duk wannan yana wuyan mai gida, ga wankin zanen gado, ga maigadi, ga la'adar dillali, ga katifa da fanka da ke mutuwa. Idan waɗannan suka ci rabin abin da ke shigowa, sai an kwana 100 kafin a kamo mai hayar shekara, wanda bai tashi daga barcinsa ba. Arhar fili ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan darare. Ita kanta arhar a kan ƙasa kaɗai ta tsaya. Siminti da rodi da kwano daga Katsina za a ɗauko su, a ƙara musu kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Baƙon da zai biya kuɗi yana son wuta da ruwa, don haka sai an sa sola an haƙa burtsatse, kuma farashinsu ba ya sauka don an kai su ƙauye.

Sai a duba baƙin da marubucin ya lissafa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan asalin Karare da ke aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja, idan ya zo Sallah gidan ubansa zai sauka. In ya tsallake gidan ya je ya kama ɗaki da kuɗi, kafin la'asar maganar ta zagaye gari, a ce ya raina asalinsa ko yana da abin ɓoyewa. 'Yan biki kuwa maƙwabta ke raba su, mata a ɗakunan cikin gida, maza a zaure da shagunan samari. Malami mai yawon wa'azi na liman ne, baƙon da bai san kowa ba na mai gari ne. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma a karkara maganar ba ta zama ado ba tukuna, aiki ake yi da ita. Wannan abin alfahari ne ga garin, amma ga mai lissafin riba yana nufin kasuwarsa tana da abokin gasa a kowane gida, kuma abokin gasar kyauta yake bayarwa har da tuwo. Da marubucin ya ce babu gasa, gine-gine ya ƙirga, bai ƙirga zauruka ba.

Hausawa sun san sana'ar saukar da baƙo tun kafin a haifi intanet, kuma yadda suka tafiyar da ita ya isa darasi. Fatoma, ko maigidan zango, shi ke saukar da fatake a hanyoyin goro da na shanu, tun daga ƙasar Hausa har Gwanja. Polly Hill ta yi rubutu a kan masu gidajen kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya fitar da littafinsa a kan unguwar Sabo ta Ibadan a 1969. Abin da su biyun suka gani shi ne maigida ba daga tabarmar da baƙo ya kwanta yake cin abinci ba. Yana ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, sannan ya samu rabonsa daga cinikin. Masaukin ƙugiya ce, cinikin shi ne kifin. Shi ya sa gidajen fatoma suka tsiro a inda kaya ke sauka ana jiran mai saye kwana da kwanaki, a bakin kara da tasha da mahaɗar hanyoyi. Ba a taɓa jin fatoman da ya kafa gida a wuri don fili ya yi arha, yana jiran ayari ya sauya hanya ya zo ya same shi ba.

Wannan ya kawo maganar fataken yau. Kasuwannin wannan yanki na mako-mako ne. Ko da an ƙaddara kowace jajibirin kasuwa ɗakin zai samu mai kwana, darare 52 ke nan cikin 365, wato abin da bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Hakan ma ba ya faruwa. Mai sayen gero da wake da rogo daga Katsina da safe yake tahowa, ya auna, ya ɗaure, ya loda, ya juya kafin rana ta faɗi. Wanda dare ya ritsa da shi yana da maigidansa a kasuwa, dillalin da ke tara masa kaya, kuma kwana a wurinsa wani yanki ne na amanar da ke tsakaninsu. Direba da yaron mota a jikin motarsu suke kwana, don gadin kaya.

Ma'aikatan agaji su ne marubucin ya fi dogara da su, domin su ke da kuɗin biya. Gaskiya ne jihar ta ga ƙaruwar irin waɗannan ƙungiyoyi, misali ƙungiyar likitoci ta MSF da ke kula da yara masu tamowa a Katsina tun 2021. Sai dai manyan ƙungiyoyi ba su barin ma'aikacinsu ya zaɓi wurin kwana da kansa. Suna da jami'an tsaro da ke tantance masauki, da ƙa'idar lokacin fita da na dawowa, kuma inda ake ɗar-ɗar ƙa'idar ita ce a shiga da hantsi a fito kafin magariba. Batsari ba ta da nisan da zai hana hakan, tafiyar yini ce a je daga birnin Katsina a dawo ta Ƙofar 'Yanɗaka. Kusancin da ya kamata ya zama alheri ga garin shi ne ke hana baƙo kwana. Masu allurar rigakafi da masu ƙidaya galibi 'yan yankin ake ɗauka, gida suke komawa. Ma'aikatan zaɓe na wucin gadi a makarantun da aka ware suke kwana, sau ɗaya ko biyu cikin shekara huɗu. Ɗan kwangilar hanya ko makaranta yakan bar lebura da maigadi a wurin aiki, shi da injiniyansa su koma birni.

A kan zaman lafiya kuwa, tarihin shekarun baya bai ba da damar gaggawa ba. Batsari da Safana na gefen dajin Rugu, wanda ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, kuma suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da su a 2019, bai ɗore ba. A watan Fabrairun 2020 aka kai hari Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutum wajen 30. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta fitar da dokar daƙile matsalar tsaro, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a manyan kasuwanni da dama, ciki har da na Batsari da Safana, ta hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su biyun na ciki, aka yi watanni a haka. Mai gidan da baƙinsa ta waya suke nemansa, ta waya suke biyansa, da ya wayi gari babu kasuwa, babu saƙo, babu man janareta, duk a lokaci guda, kuma ba da laifinsa ba.

Bayan haka abubuwa sun sauya. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan sa-kai na jiha a watan Oktoban 2023, kuma a 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa suka ƙulla sulhu da 'yan bindigar yankunansu. Duk wanda ya san abin da mutanen nan suka gani zai yi fatan ɗorewarsa. Amma fata daban, lissafin jari daban. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, gini kuma abu ne da ake jiran ya maido kuɗinsa cikin shekaru masu yawa. Cikin dukkan hanyoyin cin moriyar gida, hayar kwana-kwana ce ta fi saurin jin tsoro. Mai hayar shekara ya riga ya biya, ko an kai hari ƙauyen da ke kusa zai daure ya ga abin da hali zai yi. Baƙon kwana biyu kuwa jita-jita kaɗai ta isa ta sa ya fasa tafiya. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Akwai kuma wani haɗari da shawarar ba ta taɓo ba ko da wasa. Gida mai fenti da sola da katanga a tsakiyar gidajen ƙasa, wanda kowa ya san baƙi masu abin hannu ke sauka cikinsa, talla ce ga masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto. Ko a Dutsin-Ma, gari mai jami'ar tarayya da jami'an tsaro, an sace ɗalibai mata 5 daga gidan da suke haya a wajen makaranta a watan Oktoban 2023. Idan haka ta faru ga baƙon da ya biya kuɗi ya kwana, asarar mai gida ba a jari za ta tsaya ba. Zai amsa tambayar hukuma da ta dangin wanda aka ɗauka, maƙwabtansa kuma su ce shi ya jawo musu.

Arhar filin ma tana da dalili, kuma dalilin na bin filin duk inda aka kai shi. Abin da aka saya da arha don babu masu nema, ranar da aka matsu za a sayar da shi babu masu nema. Wasu gonaki da kangaye sun faɗi ne saboda masu su sun yi gudun hijira, wasu an sayar don a haɗa kuɗin fansa. Irin wannan ciniki ba ya rasa ƙura daga baya, idan magada suka dawo, ko aka tarar gonar gado ce da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da yawun goma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka ta hukuma, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya. A aikace, ciniki da yawa a ƙauye takardar dagaci da shaidu kaɗai ke tsaya masa. Tana da daraja a gari, amma banki ba ya ɗokin karɓar ta jingina. Wanda kuma zai ci bashi ya yi ginin ya tuna cewa Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa. Gidan da ke kwana babu kowa yawancin shekara ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Doka da ra'ayin maƙwabta ma wani yanki ne na zaɓen wuri. Birnin Niyok ya ƙuntata irin wannan haya tun Satumban 2023, Basalona kuma ta sanar a 2024 cewa za ta soke lasisin gidaje wajen 10,000 zuwa ƙarshen 2028. A can kukan tsadar haya ne ya jawo. A ƙasar Katsina damuwar ta tarbiyya ce. Jihar na bin shari'ar Musulunci tun 2000, tana da hukumar Hisba, kuma gidan da ake shiga ana fita babu rajista, babu mai tambayar wace ce wannan, ba ya daɗewa bai samu mugun suna ba. A birni ana maganin wannan da littafin baƙi da katin shaida da sanin mai unguwa. A gari kamar Karare, inda kowa ya san takun kowa, zargi kaɗai ya isa ya rufe ƙofa.

Wurin da sana'ar ke da madogara a jihar shi ne inda wani abu ke riƙe baƙo ya hana shi komawa gida a ranar, kuma yana yin haka duk shekara. Birnin Katsina na da irin waɗannan da dama a haɗe: sakatariyar gwamnati, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke tara masu jinya daga nesa har da Jamhuriyar Nijar, filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, da jerin makarantun hanyar Dutsin-Ma, wato Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Alƙalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ga bukukuwan manyan gidaje, ga hawan Sallah, ga tarukan siyasa. Amfanin tarin dalilai shi ne in ɗaya ya kwanta wani na tsaye: in jami'a ta shiga yajin aiki, asibiti bai shiga ba. Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya tun 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, amma kasuwarta ta ɗalibai ce, hayar zangon karatu ta fi dacewa da ita. Jibiya misali ce ta garin da ya rataya a igiya ɗaya, wato iyakarta da Nijar. An rufe iyaka a Agustan 2019, tata ba a buɗe ba sai 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 ta Daura da Katsina da Jibiya ya bi, bai ratsa Batsari ko Safana ba.

Ko a birnin ma ba a shiga da ka. Otal-otal da gidajen baƙi sun riga sun kama masu kwana ɗaya, abin da ya rage wa gidan kwana-kwana shi ne iyali masu son girki da sirri, masu jinya na mako biyu, da tawagar aiki ta mutum huɗu ko biyar. Hanyar aunawa ba ta da tsada. A zaga masaukan unguwar a ranar Talata ta tsakiyar damina, ba daren Sallah ba, a ga motoci nawa ke ajiye. A tambayi direbobin tasha da masu Keke Napep inda suke kai baƙi. Mafi inganci, a kama gida hayar shekara da yardar mai shi, a zuba kaya, a gwada wata 12 ana rubuta kowane dare. In kasuwa ta ƙi, gado da firji kaɗai za a kwashe.

Buƙatar ɗaki a yammacin Katsina gaskiya ce, sai dai ta wata fuska take. Shekarun tashin hankali sun kwaso mutane daga ƙauyuka zuwa cikin garin Batsari da Safana da Dutsin-Ma da unguwannin bayan garin Katsina, kuma abin da suke nema ɗaki ne mai sauƙin kuɗi da za a zauna wata da watanni. Malamin firamare da ma'aikaciyar asibiti da aka turo daga wani gari su ma ciki da falo suke so, da rijiya kusa, su biya a wata ko a shekara. Mai son garinsu da ke da jari, wanda da alama shi marubucin ke wa magana, zai fi samun mai biya idan ya gina jerin ɗakuna irin waɗannan, ko shaguna a bakin kasuwa, ko sito na ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara. Ribarsu ba ta da ƙyalli, amma masu amfani da su 'yan gari ne da ba su gudu don an ji ƙarar bindiga a nesa. Shawarar marubucin za ta samu ƙafar tsayawa a Karare ne idan aka shekara da shekaru ana bin hanyar Batsari da dare babu fargaba, aka kafa wata makaranta ko masana'anta ko babbar kasuwa da ke tsayar da baƙo ya kwana, har aka ji masu zauruka sun fara kukan baƙi sun yi musu yawa.